A wace aya aka ce rai ba ya mutuwa?

Bara, ana saura ƴan kwanaki ruwan shuka ya sauka, muka rufe goggona a wani ƙauye na ƙasar Tsauni. Masu bi a wajenmu ba su da yawa, da yatsu ake ƙirga gidajensu, saboda haka maƙwabtanmu Musulmi ne suka kama mana haƙar kabari tun da hantsi, su ne kuma suka cika tabarmin zaman makoki. Fasto daga birni ya zo bisa kabu-kabu, rigarsa duk ƙura. Da aka fara mai da ƙasa, ƴar autar goggo ta fashe da kuka har gwiwoyinta suka kasa ɗaukarta. Sai fasto ya ɗaga murya ya ce, "Ƴata, share hawayenki. Innarki ba ta mutu ba. Wannan da muke rufewa ɓawo ne kawai. Rai ba ya mutuwa, haka Allah ya halicce shi." Kowa ya gyaɗa kai. Yarinyar ta haɗiye kukanta kamar wadda aka kama da laifi.

Da la'asar na same shi a gindin gawo yana shan fura. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba Fasto, Allah ya ba da lada. Amma a wace aya aka ce rai ba ya mutuwa?" Ya ajiye ludayi ya dube ni, ya ce, "Ɗana, ai wannan sanin kowa ne." Mutumin kirki ne, da tausayi ya yi maganar da ya yi a bakin kabari, ba na shakkar wannan. Sai dai ni aya na tambaya. Shekara guda ke nan ina buɗe Littafi Mai Tsarki daga Farawa har Wahayin Yahaya, ga kuma abin da na tsaya a kai: littafin bai koyar da cewa an halicci ɗan Adam da wani abu a cikinsa wanda mutuwa ba ta iya taɓawa ba. Abin da ya koyar shi ne mutum yana mutuwa, Allah kuma yana ta da matattu.

Bakinmu ma ya riga mu sanin wannan. In ka gaida sarkin Kance ko na Damagaram, cewa kake "ranka ya daɗe". Me ya sa ake roƙa wa rai daɗewa in dama can ba ya ƙarewa? In mota ta kife a hanyar Matameye zuwa Takeita, sai a ce an yi asarar rayuka. In yaro ya yi wasa da wuta, uwarsa ta ce kada ya salwantar da ransa. A Hausa rai shi ne mutumin da kansa yana numfashi, yana jin yunwa, ransa yana ɓaci ko yana yin fari. Abin da ke fita daga jiki ya yi yawo kuwa, wanda kakanninmu suka ce maye yana kamawa, sunansa kurwa, kuma daga al'adarmu ta dā muka gaje shi. Yau masu bi da yawa suna cewa "rai" alhali kurwa suke nufi, sai su ɗora wa littafin abin da suka shigo da shi daga gida.

Kalmar Ibrananci da aka fi fassarawa da rai ita ce nefesh, ƴar'uwar nafs ta Larabci, tushensu ɗaya. Ta zo sama da sau 750 a Tsohon Alkawari, kuma ko sau ɗaya ba a haɗa ta da siffar rashin mutuwa ba. A Farawa 2:7 an siffata mutum daga ƙasa, an hura masa numfashi, sai shi kansa ya zama nefesh mai rai. Ba a ce an zuba masa nefesh kamar yadda ake zuba hatsi a rumbu ba. Wannan lafazin ne kuma aka yi wa kifaye da dabbobi a sura ta 1. A Littafin Ƙidaya 6:6 gawa ce ake kira mataccen nefesh. Ezekiyel 18 ya faɗa har sau biyu, a aya ta 4 da ta 20, cewa nefesh mai zunubi mutuwa zai yi. Mai Hadishi 9:5 ya hana wa matattu sanin kome. Wanda zai ce rai ba ya mutuwa, sai ya fara tsallake waɗannan duka, ba kuma ƙaramin tsalle ba ne.

Labarin gonar Adnin shi ya fi tsaya mini. Allah ya gargaɗi Adamu da mutuwa, maciji ya ƙaryata gargaɗin. Bayan sun ci, sura ta 3 ta ce an tsare hanyar itacen rai don kada mutum ya ci ya dawwama. In dawwama tana cikin jininsa tun asali, tsaron me ake yi? Kalmar Helenanci da ke nufin rashin mutuwa kai tsaye, athanasiya, sau 3 kacal ta zo a Sabon Alkawari. Ɗaya a 1 Timoti 6:16, inda aka keɓe ta ga Allah shi kaɗai. Biyu a 1 Korantiyawa 15:53 da 54, inda Manzo Bulus ya kwatanta ta da riga da mai mutuwa zai sa ranar tashin matattu. Ba a sa wa mutum rigar da aka haife shi da ita. A Romawa 2:7 dawwama abin nema ce, a Romawa 6:23 rai madawwami kyauta ce. Yesu da kansa, a Matiyu 10:28, ya ce Allah yana da ikon hallaka rai da jiki gaba ɗaya.

To daga ina maganar ta shigo? Daga Atina. A shekara ta 399 kafin haihuwar Almasihu aka yanke wa Sukrat hukuncin shan guba, almajirinsa Aflatun ya rubuta labarin ranar a littafinsa Fedo. A can ne aka jera hujjojin cewa rai dawwamamme ne bisa halittarsa, jiki kuwa kurkuku ne, mutuwa kuma sakin fursuna. Shi ya sa da Bulus ya ambaci tashin matattu a Atina, kamar yadda Ayyukan Manzanni 17 ya ba da labari, wasu suka yi masa ba'a. Wa zai so a mai da shi kurkukun da ya tsere wa? Da ya ce musu rai ba ya mutuwa, da babu mai dariya, don karatun gidansu ne.

Da Helenawa masu ilimi suka shiga ikilisiya, da kayansu suka shigo. Ba kowa ya karɓa ba. Yustinu Shahidi, wanda aka kashe a Roma wajen shekara ta 165, ya yi karatun Aflatun kafin ya tuba, amma ya rubuta cewa rai yana rayuwa ne don Allah ya so, ba don ikon kansa ba. A hankali dai ra'ayin Atina ya yi rinjaye. A 1513, zamanin Fafaroma Leo na 10, majalisar Lateran ta biyar ta mai da shi aƙida. William Tyndale, mai fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Turanci, ya ja da Thomas More a kan haka a 1531, yana tambayar amfanin tashin matattu in rayuka sun riga sun sami ladansu. John Calvin ya tsaya a ɗaya gefen, Shaidar Westminster ta 1646 kuma ta rubuta dawwamar rai baƙi da fari. A cikin wannan gadon ne mishan na SIM suka iso Damagaram a 1924, suka kafa sansani a Tsibiri kusa da Maraɗi, cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa, aikin Dakta Walter Miller na Zariya da abokansa, ya fito a 1932. Littafin ya zo da abin da ke cikinsa, wa'azin ya zo da ƙari. Kunnen da ya saba da labarin kurwa kuwa bai ji baƙon abu ba.

Na san abin da za a ce mini, don an riga an faɗa: "Ka zama Mashaidin Jehobah." Ban zama ba, kuma laƙabi ba amsa ba ce. Oscar Cullmann, malamin tauhidi ɗan Lutheran da ya koyar a Basel da Paris, ya yi lacca a Jami'ar Harvard a 1955 a kan wannan batu. Ya ajiye mutuwar Sukrat kusa da ta Yesu: ɗaya yana shan guba cikin natsuwa don a ganinsa mutuwa abokiya ce, ɗaya yana baƙin ciki mai tsanani a Getsamani don ya san maƙiyiya ce. Cullmann ma ya sha zagi daga masu bi.

Akwai ayoyin da ake kawowa, ba zan yi kamar ban gan su ba. Misalin mai arziki da Li'azaru a Luka 16, alkawarin Firdausi ga ɓarawon da ke kan gicciye a Luka 23:43, marmarin Bulus na tafiya wurin Almasihu a Filibiyawa 1:23, rayukan shahidai a ƙarƙashin bagade a Wahayi 6. Masana sun daɗe suna jayayya a kan halin da mamaci yake ciki tsakanin kabari da tashi, ko barci ne ko akwai sani. Ko da mun ɗauki waɗannan ayoyi yadda fasto ya ɗauke su, iyakar abin da suka nuna shi ne Allah yana riƙe da nasa bayan sun mutu. Riƙon na Allah ne. Jaririn da ke goye bai faɗi ba, amma ba wanda zai ce ƙafarsa ce ta tsai da shi. Babu ɗaya a cikinsu da ta ce ran ɗan Adam, mai bi da marar bi, ƙarfe ne da ba ya narkewa.

Wani zai ce wannan gardamar malamai ce, ina ruwan manomin Tsauni da ita. Ruwansa ne ƙwarai. Wanda aka koya wa cewa mamaci yana nan yana yawo, shi ne zai ji motsin dare a bayan danga ya ce fatalwa ce, shi ne zai yi mafarkin tsohonsa ya tashi da safe ya nemi boka. Wanda aka koya wa cewa jiki ɓawo ne, ba zai ga nauyin kai mai naƙuda asibiti da wuri ba kamar wanda ya san jikin nan Allah ya yi shi, shi kuma zai ta da shi. Sannan ga Ista: muna taruwa muna murna an ci nasara a kan mutuwa, alhali a bakin kabari mun ce mutuwar ba ta taɓa kama kowa ba. Maƙwabtanmu Musulmi, da duk bambancin da ke tsakaninmu, ba sa barin ranar ƙiyama ta ɓace daga bakinsu. Mu da tashin matattu shi ne ginshiƙin bangaskiyarmu, sai a yi jana'iza a ƙare ba a ambace shi ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne kukan yarinyar nan da aka tsayar. A Yahaya 11 Yesu ya tsaya a kabarin Li'azaru ya yi hawaye, bai ce wa Marta ɗan'uwanta bai mutu ba. Ya yi mata alkawarin tashinsa, sannan ya kira shi daga kabari, inda ya kwana huɗu.

Washegarin jana'izar na bi ta gonar da ke bayan maƙabarta, na tarar da wani dattijo da ɗansa suna binne. Uban yana sara da sungumi, yaron yana bin sa da ƙwarya, yana jefa ƙwayar hatsi a busasshiyar ƙasa yana rufewa da diddige. Kalmar da muke yi wa gawa, ita muke yi wa irin da aka shuka kafin ruwa. Bulus ma da iri ya kwatanta mamaci a 1 Korantiyawa 15. Irin nan ba shi da ikon tsirar da kansa; in sama ba ta buɗe ba, gara da rana su cinye shi. Na koma gida na sami ƙanwata, autar goggo, tana wankin kwanukan baƙi, idonta a kumbure. Na ce mata, "Auta, Inna ta mutu, ki yi kukanki, ba laifi ba ne. Wanda ya ta da Li'azaru ya san inda muka sa ta." Ta saki kwanon a cikin ruwa, ta kifa kai a gwiwa ta yi ta kuka, na zauna kusa da ita har ta gaji.