ZAUREN 'YAN MATA: Daren Da Majigi Ya Zo Anka

Watan jiya na kai wa kakata ziyara a Anka, na tarar da jikokinta sun yi cincirindo a kan waya ɗaya suna kallon fim ɗin Indiya. Ta dube su ta yi tsaki, ta ce, "Ku mi kunka sani? Mu da munka ga majigi!"

Ga wadda ba ta taso ta tarar ba, majigi mota ce ta gwamnati, ɗauke da injin wuta da na'urar haska hoto. Tun zamanin Turawa take yawo gari-gari, har bayan samun 'yanci a 1960. Yau tana Anka, gobe Bukkuyum, jibi Gummi. Bayan isha'i a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, a nuna tsabta da rigakafi da noman auduga, wani na bayani da lasifika. Ba a biyan ko kwabo, kuma yara mata ma suna zuwa.

A irin wannan dare ne, tana 'yar budurwa da tallan gyaɗa a ka, wani saurayi bafatake daga Gummi ya lura rabin hankalinta na kan ƙyallen. Sai ya saye gyaɗar duka, wai don ta zauna ta yi kallo da hujja. Shi ne kakanmu, Allah Ya jiƙansa. (Ban ce ku riƙa tsaya wa duk mai sayen gyaɗa ba fa!)

Da aka ɗaura aure ta shiga kulle, kallo ya ƙare. Gidan sinima kuwa sai manyan birane, kuma macen da aka gani a ƙofarsa sunanta ya ɓaci ke nan. A Kano an buɗe Rex tun 1937, amma da gobara ta tashi a sinimar El Duniya a 1951 ta ci mutum fiye da 300, sai mutane da yawa suka ce ai ishara ce.

Duk da haka kaka ya saci jiki ya shiga, a wata tafiyar fatauci Kano. Ya kalli Mother India, fim ɗin 1957 wanda Nargis ta fito a matsayin uwar da ta harbe ɗanta da hannunta don kare mutuncin 'yar mutane. Da ya dawo, dare uku ya yi yana ba amaryarsa labarin a gindin fitila, har da kwaikwayon muryoyi. Ta ce ta yi kuka har filo ya jiƙe, alhali ba ta san kamannin matar ba.

Na nemo fim ɗin a wayata na miƙa mata. Ta ƙura ido ta yi shiru kamar minti goma, sannan ta turo mini wayar.

"Amshi abinki, ɗiyata," in ji ta. "Malam ya hi su iya hwaɗin shi."