Hoton da Ba Shi da Uba

Kusan kullum sai an turo mana "Kano a 1850" ko "Gusau kafin zuwan Turawa" a WhatsApp: ganuwa sumul, rawuna farare tas, dawakai kamar a fim. Mu masu sana'ar rubuta manhaja mun san inda ake ƙera su. Na'ura aka ba umarni, ta haɗa garin da bai taɓa wanzuwa ba. Sai ka ga ana ta yaɗawa, ana addu'a ga magabatan da ba a taɓa haifa ba.

Alhali na gaskiya suna nan. Heinrich Barth, Bajamushen da aka sani da Abdulkarim, ya shiga Kano a 1851, ya hau Dala ya zana birnin. A 1853 ya ratsa ƙasar Zamfara ta Zurmi, a hanyarsa daga Katsina zuwa Wurno. Littafinsa mai juzu'i 5 ya fito tsakanin 1857 da 1858, ɗauke da hotuna masu launi da J. M. Bernatz ya fitar daga zanensa. Masu tara kayan tarihi a Turai suna sayensu da tsada. Mu kuwa, ga littafin kyauta a Internet Archive, mun kasa buɗewa.

Wani zai ce ai idon baƙo ne. Haka ne, Bernatz ma bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Amma shaidar da aka san mai ita da shekararta ana iya tuhumarta, a gwada ta da abin da malamanmu suka rubuta. Hoton na'ura fa, wa za a tuhuma?

Mu dubi Koriya. Elizabeth Keith, 'yar Birtaniya, ta je can a 1919, lokacin mulkin mallakar Japan. Ta zana kasuwanni da amare da tsofaffin malamai, aka sassaƙa zanen a jikin katako, aka buga da launi a Tokyo. Koriyawa ba su yar da aikin don baƙuwa ce ta yi ba. Wani malaminsu, Song Young-dahl, ya bi hotunan ɗaya bayan ɗaya ya tara, ya fassara littafinta zuwa harshensu.

Me ya hana mu? Jami'ar Tarayya ta Gusau da masarautun Tsafe da Bungudu za su iya buɗe rumbu guda a intanet: zanen matafiya, hotunan da ke jibge a akwatunan kakanninmu, kufan 'Yandoto da dutsen Kwatarkwashi kamar yadda suke a yau. Kowane hoto da sunan mai shi da wuri da shekara.

Kafin nan, duk hoton "da" da ya shigo wayarka, tambayi wanda ya turo: wa ya zana, yaushe? In ya yi shiru, kada ka tura gaba.