Neman Takardun Abokin Shari'a

Dukkan yabo ya tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, a wannan mako za mu yi magana a kan wani mataki na shari'ar neman haƙƙi a Babbar Kotu wanda yake firgita 'yan kasuwa da ma'aikata, watau lokacin da lauyan abokin shari'a zai rubuto yana neman a fito da takardu tun kafin a fara sauraron shaidu.

Asalin wannan tsari daga kotunan Ingila yake, daga can ya shiga ƙasashen da suka gaji dokarsu, har da Nijeriya. A Amurka aka fi faɗaɗa shi. Ƙa'idojin kotunan tarayyarsu na shekarar 1938 sun ware masa ƙa'ida ta 34, wadda take ba wanda aka nema kwana 30 ya amsa, kuma a shekarar 2006 aka bayyana cewa abin da ke cikin kwamfuta ma yana ciki. Manufarsa ita ce kowane ɓangare ya san hujjar ɗan'uwansa, kada a yi wa wani kwanton ɓauna a gaban alƙali.

A misali, ɗan kasuwa ya ce ya kai wa wani kamfani buhun masara 200 ba a biya shi ba, kamfanin ya musanta. To, yana da damar neman littafin sito, da rasit, da wasiƙun da suka shafi cinikin. Sharaɗi shi ne ya ambaci irin takardar da lokacinta, kuma ta shafi abin da ake jayayya a kai. Wanda aka nema zai lissafa abin da ke hannunsa bisa rantsuwa. In yana da uzuri, kamar asirin da ke tsakaninsa da lauyansa, sai ya faɗa a fili, alƙali ya duba. Wanda ya bijire wa umarnin kotu kuwa, ana iya korar ƙararsa ko a soke kariyarsa. Sashe na 167 na Dokar Shaida ta 2011 ya ba alƙali damar ɗauka cewa hujjar da mutum ya ɓoye, da ta fito da ta kayar da shi.

Ya 'yan'uwa, Musulmi bai kamata ya ga baƙon abu a nan ba. Aya ta 282 ta Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo, ta yi umarni da rubuta bashi, mai bi mata kuma ta hana ɓoye shaida. Malamanmu na Malikiyya sun wajabta i'izari, watau alƙali ya ba wanda hujja ta hau kansa damar tunkuɗe ta kafin hukunci. Ya kuma inganta a hadisi cewa alƙali da abin da ya ji yake hukunci, wanda aka yanka wa haƙƙin ɗan'uwansa bisa zalunci yankin wuta aka ba shi. Saboda haka wanda ya yaga rasit, ko ya share saƙon waya, sa'an nan ya rantse cewa babu, ya haɗa cin amana da rantsuwar ƙarya, ko da ya yi nasara a kotu.

Muna jan hankalin ma'aikata musamman. Fayil ɗin da ke ofis amana ne, ɓatar da shi don kare maigida ko aboki zalunci ne. Mai nema shi ma ya ji tsoron Allah, kada ya jibga wa abokin shari'arsa buƙatun da ba su da nasaba da ƙarar don ya gajiyar da shi ko ya tona asirin kasuwancinsa.

Shawararmu ita ce, ku rubuta cinikinku, ku adana takardunku, in shari'a ta taso ku miƙa su duka ga lauyanku, masu daɗi da marasa daɗi. Allah Ya sa mu dace, amin.