Waken Suya: Tambayoyin da Mu Kaɗai Za Mu Yi wa Kimiyya

Duk mazaunin Gyallesu a Zariya ya san cewa daga la'asar zuwa bayan isha'i da wuya ka ratsa layi biyu ba ka ji ƙamshin suyar awara ba. Tun da nama da kifi da ƙwai suka fi ƙarfin aljihun talaka, awara ce ta rufa wa gidaje da yawa asiri. Ita ɗalibi ke kalaci da ita, ita uwa ke saya wa yaro idan ya taso daga islamiyya, kuma da ribarta mata da dama ke zubin adashi da biyan kuɗin makaranta. Ƙwayar waken suya tana ɗauke da furotin kusan kashi 40 cikin ɗari da mai kusan kashi 20, kuma wajen furotin babu wani hatsi ko wake a kasuwanninmu da ya kamo ƙafarta. Shi ya sa nake ganin binciken da duniya ke yi a kan ƙwayoyin gadon wannan shuka magana ce da ta shafe mu kai tsaye, kuma ya kamata mu shiga cikinsa da tambayoyinmu na kanmu.

A tsaya kusa da mai yin awara a ga aikinta. Za ta jiƙa wake, ta kai inji a markaɗa, ta tace a ƙyalle, ta ware dusar gefe don masu kiwo, ta ɗora madarar a wuta. Idan ta tafasa sai ta kawo ruwan tsami ta zuba a hankali. Nan take madarar ke tsinkewa, farin ya taso sama dunƙule-dunƙule, ruwan ya koma fatsi-fatsi. Ta kwashe a buhu, ta ɗaure, ta danne da dutse har ya tsane, sannan ta yanka ta soya. Wannan mata ta san abin da masu digiri da yawa ba su sani ba: wani waken yana da auki, tiya ɗaya ta cika faranti, wani kuwa ruwa ne kawai. Wani awararsa takan kama jikinta, wani ta farfashe a cikin mai. Wani yana da ƙarni ko an wanke shi sau nawa. Idan ta yi asara, sai ta ce ba ta yi sa'ar wake ba.

Abin da take kira sa'a, wani ɓangare babba nasa a rubuce yake a cikin ƙwayar. Kamuwar awara ta dogara ne da yawan furotin da kuma yadda manyan nau'o'insa biyu, gilisinin da kongilisinin, suka daidaita a cikin waken. Ƙarnin kuwa wasu sinadarai uku ne ke haddasa shi da zarar an fasa ƙwayar a cikin ruwa, kuma an san ƙwayoyin gado ukun da ke samar da su. A Jafan, inda suke da tasu awarar da suke kira tofu, akwai irin wake kamar Fukuyutaka da ake nomawa musamman saboda ita, kuma sun fitar da iri waɗanda ba su da waɗannan sinadarai na ƙarni. Sun kai ga haka ne saboda masu bincikensu sun ɗauki mai dafa abinci a matsayin wanda za a saurara.

A watan Janairun 2010 mujallar Nature ta buga cikakken kundin gadon waken suya, aikin wata tawaga a Amurka ƙarƙashin Jeremy Schmutz. Irin da suka karanta, Williams 82, an samar da shi ne a jihar Ilinoi. Sun gano cewa kundin yana da haruffan DNA kimanin biliyan 1.1, a jere a kan zaren gado guda 20, kuma sun ƙiyasta ƙwayoyin gado sama da 46,000. A 2020 masana a ƙasar Sin suka ƙara zurfafawa, suka harhaɗa kundin iri 26 daban-daban, suka kwatanta da wasu iri kusan 2,900, don a ga inda wannan wake ya bambanta da wancan. Duk waɗannan bayanai suna nan kyauta a intanet, a rumbuna irin su SoyBase da Phytozome.

Sai dai sanin jerin ƙwayoyin gado rabin aiki ne. Kowane tantani a jikin shuka, na saiwa ne ko na ganye ko na kwanso, kundi ɗaya yake ɗauke da shi. Abin da ya bambanta su shi ne waɗanne ƙwayoyin gado ne a kunne, waɗanne ne a kashe, a wane lokaci, kuma da wane ƙarfi. Kamar ɗakin karatu na Kashim Ibrahim ne a Samaru: littattafan suna nan a kan kanta ga kowa, amma abin da ɗalibin likitanci zai ɗauko daban, na ɗalibin shari'a daban, kuma abin da za a yi rububinsa lokacin jarrabawa daban. Zafi da fari da tsawon yini da cuta su ne ke sa shuka ta buɗe wannan ta rufe wancan. Masana suna gane haka ta hanyar auna saƙonnin RNA da tantani ke fitarwa. To, a nan ne maganar ta zama tamu, domin zafin da ke sa shuka ta kunna wata ƙwayar gado a Giwa ko Soba ba irin na Ilinoi ba ne.

Misali biyu sun isa. Waken suya asalinsa daga ƙasar Sin ne, inda yinin damina ke da tsawo. Shuka ce da ke jira yini ya gajarta kafin ta yi fure. Idan aka kawo ta kusa da tsakiyar duniya, kamar Zariya inda yini ba ya nisa da awa 12 duk shekara, sai ta ɗauka lokaci ya ƙure, ta yi fure tun tana ƙarama, ta ba da 'yan kwansaye kaɗan. Akwai wata ƙwayar gado mai suna E1 da ke taka wa fure birki, da wata mai suna J da ke kashe E1 idan yini ya gajarta. A 2017 masu bincike a Sin suka nuna cewa idan J ta sami naƙasa, E1 takan ci gaba da aiki, shuka ta yi jinkirin fure, ta yi girma, ta yi 'ya'ya da yawa. Wannan hali na jinkirin fure shi ne masu kiwon iri a Barazil suka riƙa amfani da shi tun shekarun 1970, bayan kafa hukumar binciken noma ta Embrapa a 1973, har suka kai waken suya cikin dazuzzukansu masu zafi. Yau Barazil ce kan gaba a duniya wajen nomansa.

Misali na biyu manomanmu sun san shi da idonsu. A ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, idan iskar hunturu ta fara kaɗawa, manomi na can yana fama da girbin masara ko shinkafa, waken suya ya bushe a tsaye. Da rana tsaka za ka ji gona tana ƙara ɗas-ɗas, kwanso na murɗewa yana tsagewa, ƙwaya na tsalle tana faɗawa ƙasa. Kafin a samo masu yanka, wani kaso na wahalar shekara ya zama rabon tsuntsu da gara. A 2014 Hideyuki Funatsuki da abokan aikinsa a Jafan suka gano ƙwayar gadon da ke jawo wannan murɗewa, suka sa mata suna Pdh1. Tana kunnuwa ne a jikin ɓawon kwanso yayin da yake ƙosawa, kuma ɓarnarta ta fi tsanani inda iska ta bushe ƙarau. Irin da wannan ƙwayar gado ta mutu a cikinsa yana jure tsagewa. Ma'anar wannan ga mai kiwon iri ita ce, da ɗan gutsuren ganye na shuka mai mako biyu zai iya sanin wacce za ta riƙe 'ya'yanta, ba sai ya jira wata huɗu ba.

Mu ma ba daga yau muka fara ba. An fara gwada waken suya a Najeriya a 1908, kuma irin da ake kira Malayan da aka kawo a 1937 ya zauna daram a ƙasar Tibi ta Binuwai. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, wadda tushenta ya faro tun 1922 kafin ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ita ta fitar da Samsoy 1 da Samsoy 2 a shekarun 1980. Cibiyar IITA ta Ibadan, mai reshe a Kano, ta samar da jerin iri masu suna TGx, waɗanda babbar baiwarsu ita ce saiwarsu na ƙulla zumunci da bakteriyar da ke cikin ƙasarmu, su ɗebo naitirojin daga iska su mayar taki. A cikinsu akwai TGx 1448-2E mai jure tsagewar kwanso, da TGx 1835-10E da aka fitar a 2008 bayan cutar tsatsa ta addabi gonaki. Cibiyar Badeggi a jihar Neja ita ke riƙe da alhakin wannan amfanin gona a ƙasa baki ɗaya. Manoma kuma sun shaida cewa inda aka yi waken suya bana, masarar baɗi takan yi kyau, wuta-wuta ta ragu.

Duk da haka, hektar manominmu tan ɗaya take bayarwa ko ɗan sama da haka, alhali a Barazil da Amurka ana haura tan uku. Na san abin da wasu za su ce: manomin da bai sami takin fosfet ba, bai sami iri mai kyau ba, wani ma tsoron shiga gonarsa yake yi saboda 'yan bindiga, me ya haɗa shi da zancen ƙwayoyin gado? Gaskiya ne mafi yawan wannan giɓi daga taki da iri da tsaro da hanyoyin noma yake, kuma dole a fara da su. Amma a lura, iri shi ne kaɗai fasahar da ke isa gonar talaka ba tare da ta nemi lantarki ko bashin banki ba. Wanda ya sami mudu biyu na irin da ba ya tsagewa, yana jure tsatsa, yana nuna kafin ruwa ya ɗauke, ya sami amfanin shekaru na bincike a cikin ƙullin leda, kuma zai iya ajiye iri daga girbinsa ya ba maƙwabci.

Wasu kuma da sun ji an ambaci ƙwayoyin gado sai gabansu ya faɗi, su tuna muhawarar da aka yi a kan waken SAMPEA 20-T da Samaru ta fitar a 2019 da masarar TELA ta 2024, waɗanda aka dasa musu ƙwayar gado daga wata halitta. Wannan muhawara tana da muhallinta, kuma jama'a na da haƙƙin a yi musu bayani dalla-dalla. Abin da nake magana a kai a nan wani abu ne daban. Barbara ce irin wadda aka saba, a haɗa wake da wake, sai dai maimakon a zaɓi 'ya'yan da ido kawai, ana duba alamomin gadonsu don a gane nagari da wuri. Babu abin da aka shigo da shi daga waje.

Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Manyan kamfanonin iri na duniya suna kiwon waken suya ne don matsar mai da abincin kaji da aladu, a gonakin da inji ke girbewa. Babu cikinsu wanda zai zauna ya tambayi wane iri ne ya fi auki idan aka tsinka madararsa da ruwan tsami, ko wanne ne ya fi daɗin daddawa, ko wanne ne zai jure mako uku a tsaye cikin hunturu har manomi ya gama da masararsa, ko wanne ne ƙwayarsa ba za ta mutu a ɗaki ba kafin damina ta zagayo. Idan ba mu yi waɗannan tambayoyi ba, za su zauna babu amsa.

Don haka ina kira ga masananmu na Samaru da Badeggi da IITA da su sa aukin awara da rashin ƙarni cikin ma'aunin da ake duba sabon iri kafin a fitar da shi, kamar yadda ake duba yawan buhu a hekta. A gayyato mata masu sana'ar daga Gyallesu da Tudun Wada da Sabon Gari, a ba su iri daban-daban su dafa, a auna abin da kowanne ya bayar, a rubuta hukuncinsu, a biya su ladan aikinsu. Daga nan sai a koma ɗakin bincike a nemo alamomin gadon da suka yi daidai da abin da suka zaɓa.

Ina kuma kira ga asusun TETFund da gwamnatin jihar Kaduna da kamfanonin mai da na abincin kaji, waɗanda ke kwasar waken nan tirela-tirela daga kasuwanninmu, da su zuba kuɗi a wannan fanni na shekaru masu yawa a jere. Saƙon RNA abu ne mai saurin lalacewa, sai an adana shi cikin tsananin sanyi, don haka ɗakin binciken da ba shi da tsayayyar wuta ba zai iya wannan aiki ba komai ƙwarewar malamansa. Sannan a horar da ɗalibanmu sarrafa waɗannan bayanai a kwamfuta, tunda wannan ɓangaren bai buƙatar komai sai na'ura mai ƙarfi da intanet da malami nagari. Cibiyar yaɗa ilimin noma ta NAERLS da gidajen rediyo su bayyana wa manomi sakamakon da harshen da yake ji, kuma a ba kowane sabon iri suna na Hausa da za a iya nema a kasuwa, domin ba kowa ne zai riƙe TGx da jerin lambobi a ka ba.

Muna da jami'a da cibiyoyi, wasunsu masu tarihin sama da shekara ɗari, muna da manoma da masu sana'a da suka san waken nan ciki da bai, kuma kundin gadonsa yana nan a buɗe ga duk mai so. Abin da ya rage shi ne shugabannin waɗannan cibiyoyi su sa wannan aiki cikin kasafin kuɗinsu na baɗi, wakilanmu a majalisa su tabbatar an saki kuɗin, mu kuma 'yan jarida mu riƙa bibiya muna tambayar inda aka kwana.