Tsuntsaye ma suna da zango

Iyayenmu da malamanmu, da 'yan'uwanmu ɗalibai na Salaga da Yendi da wannan ɗan littafi zai iso gare su. Mu 'yan aji na sama ne a nan Bawku, kuma muna da roƙo.

A hunturun bana Malam ya ɗauko mana lori ya kai mu Sapeliga, bakin kogin Farin Volta, kusa da iyakar Burkina Faso, wai mu je kallon tsuntsaye. Da muka dawo surutu ya tashi. Wani baba ya ce wannan aikin Bature ne wanda ya ƙoshi. Wata mama ta ce ta biya kuɗin makaranta don a koya wa ɗanta karatu, ba don a kai shi yawon rafi ba. Yanzu mun ji kwamiti na shawarar hana fitar baɗi. Mu dai muna ganin kada a hana, kuma ga dalilinmu.

Gaskiya mu ma da dariya muka shiga lorin. Rabinmu da danƙo a aljihu, sai da Malam ya karɓe su tun a tasha. Madubin hangen nesa guda ɗaya ne, na aro, mu kuwa ashirin da biyu. Mun zauna a kan rairayi fiye da awa ɗaya ba mu ga komai ba sai balbela da zalɓe, ga sanyi, ga ƙura. Can sai ga wani ɗan tsuntsu yana gudu a bakin ruwa, bayansa toka-toka, kansa baƙi da fari, cikinsa ruwan goro. Shi ne wanda Turawa ke biyan kuɗin jirgi su zo Sapeliga su gani, suna ce masa tsuntsun kada. Ba ya yin sheƙa. A cikin rairayi yake binne ƙwansa, in rana ta yi zafi sai ya shiga ruwa ya jiƙa gashin cikinsa, ya dawo ya sanyaya wurin. Mun taso kusa da kogin nan, amma ba ɗayanmu da ya san haka.

Wanda ya fi tsaya mana a rai kuwa ko kyau ba shi da shi. Wani ɗan ƙarami ne mai launin ƙasa, yana tafiya yana kaɗa bindi sama da ƙasa. Malam ya ce irinsa a Turai da Rasha suke ƙyanƙyasa, in sanyin can ya matso sai su keto Sahara su zo mana wajen Satumba, su koma wajen Afrilu. Nauyinsa bai wuce na ƙwan kaza ba. Sai ɗayanmu ya ce, ashe bafatake ne! Duk muka yi dariya, amma maganar ta zauna. Kakanninmu haka suka taso daga Kano da Katsina da jakuna, suka bi hanyar Gwanja har Salaga neman goro, kuma duk inda suka sauke kaya suka sha ruwa, nan ne zango. Daga nan sunan unguwanninmu ya fito. To fadama da bakin kogi su ne zangon tsuntsu. Mu da ake kira 'yan zango, mu ne za mu tarbi baƙo da dutse?

Wanda ya ce ba karatu ba ne, muna tuna masa da ladabi cewa a Suratun Namli mun karanta labarin alhudahuda da Annabi Sulaimanu, kuma a Tabaraka an ja hankalinmu mu dubi tsuntsaye a sama. Mun haddace, mun wanke allo, amma sai ranar nan muka ɗaga kai muka duba da gaske. An kuma koya mana cewa za a tambayi mutum kan ɗan tsuntsun da ya kashe a banza. Wasunmu sun ji nauyin wannan a hanyar dawowa, don mun san abin da danƙonmu ya yi a baya.

Ba ma cewa iyaye ba su da gaskiya ko kaɗan. Kowa ya san halin da garinmu ke ciki, kuma uwa ba ta barci in ɗanta na kan hanya. Kogi ma akwai kada, akwai tsargiya ga mai shiga ruwa. Da damina, in an buɗe dam ɗin Bagre, ba mai hankalin da zai kai yara can. Amma maganin wannan shi ne a tafi da rani, da safe, da manya biyu ko uku, a hana kowa taka ruwa, a dawo kafin La'asar. In hanya ba ta yi kyau ba a ɗage.

Abin da ya dame mu, wuraren da Gana ta sa a yarjejeniyar kare fadamu ta Ramsar, irin su Keta da Songor da Sakumo, duk a kudu suke. A nan arewa mun ga tifa na kwasar rairayi, mun ga robobin maganin feshi an yar a gefen lambun albasa, kuma ba mai ƙirga abin da ke sauka. Ɗaliban Salaga kuna da Makango a bakin tafkin Volta, na Yendi kuna da kogin Daka. In kowace makaranta ta fita rana ɗaya a shekara ta rubuta abin da ta gani a littafi, baɗi sai mu haɗa mu gwada.

Namu littafin yana ofishin Malam, iri goma sha huɗu muka rubuta, biyar ba mu san sunansu da Hausa ba. Muna roƙon kwamiti ya duba shi kafin ya yanke shawara, kuma duk dattijon da ya san sunayen nan ya taimaka ya zo ranar Asabar bayan darasu ya gaya mana.