Lissafin Bakolori Bai Cika Ba Sai An Sa Kifi Da Saniya

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, da yayyenmu da suka riga mu kama aikin gwamnati, muna roƙon ku ba mu aron kunnuwanku a kan wani darasi da muka haddace a sakandare don cin jarrabawa, muka watsar a ƙofar aji, alhali kuwa abincin mutanen Talata Mafara da Bakura da Maradun a kansa ya rataya. Darasin shi ne sarƙar abinci, watau wane ne ke cin wane a cikin halittun Allah, kuma daga ina ƙarfin da ke motsa su duka yake fitowa.

Asalin ƙarfin nan rana ce. Tsiro kaɗai, da gansakukar ruwa, su aka hore wa kama haskenta su haɗa shi da ruwa da iska su mai da shi abinci, kuma abin da suke kamawa bai cika wuce kashi 1 cikin 100 na hasken da ke sauka a kansu ba. Sauran halittu duka 'yan cin arziki ne. Fara ta ci ciyawa, kwaɗo ya ci fara, maciji ya ci kwaɗo, shaho ya sure maciji. A cikin ruwa kuma karfasa ta ci gansakuka, giwan ruwa ya haɗiye karfasa, masunci ya kawo shi kasuwar Mafara. Amma fa a kowane mataki ana asara. Wani masani Ba'amurke, Raymond Lindeman, ya bayyana wannan a 1942, daga aikinsa ne kuma aka samo ƙiyasin cewa kimanin kashi 10 cikin 100 kaɗai ke hayewa daga mataki zuwa na gaba. Saura yana ƙarewa wajen numfashi da motsi da zafin jiki. Ga misali: in ciyawa ta tara ƙarfi mudu 1,000, fara za ta sami 100, kwaɗo 10, maciji 1. Shi ya sa ciyawa ta fi fara yawa, fara ta fi kwaɗi. Kuma ƙarfin ba ya komawa baya. Taki yana zagayawa daga ƙasa zuwa tsiro zuwa dabba ya koma ƙasa, amma ƙarfi kullum sai rana ta sake aiko da sabo. Saboda haka wanda ya rage tsiro a gindin sarƙa, ya rage rabon duk wanda ke bisa.

To, mu dubi Gulbin Sakkwato kafin a datse shi. Kowace damina yakan cika ya batse, ya malale fadamu, ya bar musu laka. Lokacin nan ne kifaye ke fita daga gulbi su yi ƙwai cikin ciyawar da ruwa ya shanye, 'ya'yansu su yi ƙiba da gansakuka da ƙwari. Manomi ya shuka shinkafa. In ruwa ya janye, Fulani su sauko da shanu su ci ɗanyar ciyawa cikin rani, su bar kashinsu, wanda zai zama takin gansakukar baɗi. Balbela na bin shanu, zalɓe na bin kifi. Ambaliyar nan ita ce ke shimfiɗa gindin sarƙar, ba tare da an kashe ko kwabo ba.

Daga 1974 zuwa 1978 kamfanin Impresit na Italiya ya gina madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka danƙa wa Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Tafkin ya shanye ƙasa kimanin hekta 8,000 ta wajen Maradun, aka ta da dubban mutane daga gonakinsu. Rigimar diyya ta kai ga abin da ya faru a Birnin Tudu a watan Afrilu 1980, inda 'yan sanda suka buɗe wa manoma wuta aka rasa rayuka. Wannan kowa ya ji labarinsa. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne asarar mutanen da ke ƙasa da madatsar. Wani masanin labarin ƙasa daga Ingila, W. M. Adams, ya bi ƙauyukansu, ya buga bincikensa a 1985, inda ya nuna ambaliya ta ragu, noman shinkafar fadama ya ja baya, kamun kifi ya faɗi. Ba abin mamaki ba ne. An tsuke gindin sarƙa, dole samanta ya rame. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Kada a ɗauka muna ƙin madatsar ne. Mun san albarkar noman rani a Mafara da Bakura, mun ci shinkafarsa, mun san tafkin ma yana da nasa kifin. Mun kuma yi murna da Bankin Duniya ya amince a 2014 da shirin gyaran ayyukan ban ruwa wanda ya haɗa da Bakolori. Ƙorafinmu a kan lissafi ne. Mai tsara aiki yakan ƙirga buhunan da za a girbe a bakin magudana, ba ya ƙirga kwandon tarwaɗar da masunci ya daina samu, ko ƙwaryar nonon da ta ragu don makiyaya ta bushe, domin waɗannan ba su taɓa shiga fayil ba. Ga talaka kuwa, kifin nan shi ne namansa.

Irin wannan gajeren lissafi ne ke sa a zuba wa ruwa Gamalin don a kwashi kifi a yini ɗaya. Irin wannan guba ba ta saurin narkewa, tana taruwa cikin kitse, tana ƙara kauri daga mataki zuwa mataki, mu kuwa mu ne a ƙololuwa. Shi ne kuma ke sa a kashe mujiya da maciji, sa'an nan a yi kukan ɓeraye sun cinye shinkafa. Ƙasar Sin ta gwada haka a 1958, ta yi shelar kashe tsuntsaye masu cin hatsi, sai fara da sauran ƙwari suka sami sake, suka ƙara wa yunwar da ta biyo baya muni.

Gyara kuwa yana yiwuwa. A arewacin Kamaru madatsar Maga, wadda aka gina a 1979, ta busar da fadamun kogin Logone. A 1994 aka fara sake musu ruwa da gangan, ciyawa ta dawo, kifi da shanu suka biyo ta.

Don haka muna kira da abu uku. Na farko, hukumar da ke riƙe da madatsar ta riƙa sakin ruwa cikin tsari a lokacin da gulbi ya saba cika, bayan ta yi shawara da manoma da masunta da makiyaya, ta kuma sanar da su ranar. Na biyu, kowane rahoton aikin ban ruwa ya ƙunshi kifi da kiwo da noman fadama, a gefen riba ko na asara. Na uku ya rataya a wuyanmu. In mun je hutu, mu zauna da dattawan masunta mu rubuta sunayen kifayen da suke kamawa dā da waɗanda suka ɓace. Gobe mu ne za a miƙa wa fayil a ce mu sa hannu. Kafin mu ɗora alƙalami, mu tambaya: wa ke ci daga ruwan nan, kuma wa ke ci daga gare shi?