Malamin Da Za A Kira Ɗaurin Aure

 Akwai wata al'ada da ta yaɗu a birane, musamman a gidajen masu hali, wadda ta cancanci malamai da attajirai su zauna su dube ta. In mutum zai aurar da 'yarsa, sai ya tsallake limamin unguwarsu, wanda ya raɗa wa yarinyar suna, ya aika wani gari a ɗauko masa malami mai suna, a yi masa alheri mai nauyi, don a ce wane ne ya ɗaura auren 'yar wane. Malamin ya iso ana dab da farawa, bai san ango ba, bai san gidan amarya ba. A nuna masa mutum biyu, a ce ga waliyyi ga wakili, ya yi huɗuba, a shafa fatiha, maroƙi ya yi shela, a raba goro, ya koma inda ya fito.

A mazhabar Imamu Malik malami ba ya cikin rukunan aure. Wanda ya karanta babin nikahi a Risala ta Ibn Abi Zaid, ko ya kai Muhtasar na Halil, ya san abin da a ke nema: waliyyi, da sadaki wanda bai gaza rubu'in dinari ko dirhami 3 na azurfa ba, da siga ta bayarwa da karɓa, da ma'aurata waɗanda babu abin da ya hana su auren juna, sa'an nan shaidu 2 adalai kafin tarewa. Waliyyi shi ne mai ɗaurawa, huɗuba kuwa mustahabbi ce. To, don me a ke kiran malami? Domin ya yi tambayoyin da jama'a ba su san a yi su ba, ko su ke jin nauyin yi. Baƙo kuwa bai san inda zai sa tambayarsa ba.

Mafi hatsari ita ce ta idda. Mutane da yawa sun ɗauka kowace sakakkiya wata 3 ta ke ƙirgawa. Wata 3 na yarinya ne da wadda ta daina haila. Mai haila tsarki 3 ta ke ƙirgawa, mai ciki sai ta haihu, mai takaba wata 4 da kwana 10. Mai goyo da jini ya ɗauke mata saboda shayarwa, wucewar wata 3 ba ta fitar da ita. A nan a ke yawan faɗawa rami, domin bazawara mai goyo ta kan koma gidan iyaye, masu nema su yi caa, a duba wata a ce ai ta gama. In sakin na kome ne, matar wani aka aura. In iddar mutuwa ce ko ta saki ba'ini, aka ɗaura a cikinta har aka tare, alƙali zai raba su, kuma a mazhabar Malik ta haramta ga wannan miji har abada. Limamin unguwa ya san ranar da aka kawo takardar saki, wataƙila ma shi aka kai wa ya karanta, kuma matarsa tana iya shiga cikin gida ta tambayi abin da namiji ba ya tambaya.

Haka sha'anin shayarwa. A gidan gandu inda mata ke goyon 'ya'yan juna, nonon da ya kai cikin jariri a shekaru 2 na farko, ko da sau ɗaya ne, ya sa zumuncin da ke hana aure. Tsofaffin unguwa ne ke riƙe da wannan labari, su kuwa ba su faɗa wa wanda ba su saba da shi ba.

Sai waliyyi. Bisa al'ada uba ya kan ba ɗan'uwansa ɗaurin auren 'yarsa, wannan wakilci ne, ya inganta, amma lalle malami ya tabbata uban ya wakilta. Kawu, watau ɗan'uwan uwa, ba waliyyi ba ne ta wajen nasaba, ko da shi ne mai kuɗin dangi. Bazawara kuma sai an ji yardarta da bakinta. Sadaki in ajalan ne, a faɗi ajalin a gaban shaidu. Ɗan kasuwar da ba ya ba da bashin turmin atamfa ba rana, bai kamata ya bar haƙƙin 'yarsa a kan sai Allah ya hore ba.

Ba a cewa kada a gayyaci babban malami. A gayyace shi, a shimfiɗa masa buzu, ya yi addu'a, a sami albarka. Amma bincike a bar shi ga wanda ya san gidan, ya kuma karanta fiƙihun aure, ba mai daɗin murya kaɗai ba. A guji kuma wanda aka san shi da ɗaura auren kisan wuta, domin wanda ya saba sayar da fatiha ba zai tsaya ƙirga tsarki ba.

Maganar abin da a ke ba malami ita ce mai wuya, malamai ma ba su so a taɓa ta. Goro da sadaka al'ada ce mai kyau. Amma in kyauta ta yi nauyi, aka kuma rataya ta ga gama aiki, harshe ya kan yi nauyi wajen cewa a dakata. Wane ne zai naɗe tabarmi bayan jama'a sun cika ƙofar gida, an riga an kwance huhun goro? Saboda haka ya kamata waliyyi ya je wurin liman da kansa tun da sauran mako guda, ya ba shi sadakarsa a ranar, tun bai faɗi hukunci ba, sa'an nan ya ajiye takardar saki a gabansa, ya faɗi sunan duk matar da ta taɓa shayar da yarinyar.